Ma'u Mai Gyaran Makewayi

A Rimaye aka haifi Ma'u, shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci ƙasar Katsina. Ubanta Dawuda marini ne, yana da ramukan rini uku a marinar bakin gari. Tun tana ƙarama ita ke kai masa abinci, don haka ta tashi tana ganin yadda ake kwashe katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin rami, a dunƙula a ƙona, a daka, a kwaɓa da ruwan saiwar dafara mai yauƙi da gashin akuya, a shafe cikin ramin da shi. Laso ke nan. Ramin da ya sha laso yakan yi shekaru cike da ruwa bai tsotse ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Kallo kawai take yi, tana jiran a miƙo mata akushi ta koma gida.

Tana da shekara goma sha biyar yayarta Mairama, wadda ke aure a Kusada, ta dawo gida haihuwar fari. Haihuwar ta faɗo tsakiyar marka, lokacin da sai a yi kwana uku ba a ga rana sosai ba. Aka fara wankan jego, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen runhu. Aikin Ma'u shi ne ɗebo ruwa, hura wuta, da share makewayi.

Makewayin yana bayan ɗakin uwarsu, ƙarƙashin wata ceɗiya mai duhun ganye. Kafin a yi suna, bangon ya yi baƙi daga ƙasa har ƙugu, fumfuna ta kama shi, ƙasan kuma ya yi kore shar da gansakuka. Wurin ya riƙa wani wari kamar na tsohon rumbu da ruwa ya shiga.

"Inna, bangon can ya yi baƙi, kuma shina wari," in ji Ma'u wata safiya.

Uwar ta ɗaga kai daga tankaɗe. "Kul. Ba a zancen abin da ke cikin makewayi. Wurin da masu shi. Ki yi addu'a ki shiga, ki share ki fito."

Ma'u ta koma makewayin. Ta ci gaba da shara, tsintsiya na bi ta kan koren ba ta ɗauke komai.

Ran kwana ashirin da uku, Mairama ta ce ta ji ƙarfi, da kanta za ta shiga da tukunyar. Taku biyu ta yi santsi ya kwashe ta. Ruwan zafi ya sauka mata a cinya da gadon baya, ƙugunta ya daki dutsen da ake tsayawa a kai. Ma'u na bakin murhu ta ji ƙarar. An ɗauko maɗori daga Kankia ya yi iyakar yinsa, ƙunar ta warke a hankali, amma ƙashin bai koma daidai ba. Mairama ba ta sake tafiya ba sanda ba.

Kwana uku bayan faɗuwar, da hantsi, Ma'u ta ɗauki tsingaron fasasshen tulu ta tsaya a ƙofar makewayi. Ta yi addu'ar shiga sau uku, ta durƙusa ta kafa tsingaron a bango. Ba abin da ya same ta. Baƙin ya riƙa zubowa kamar ƙanzo, jar ƙasa ta bayyana a ƙarƙashi. Ta kankare duka, ta kwashe ta kai bayan gari.

Kwana goma, ya dawo.

Ta sake kankarewa, ta wanke da ruwan toka. Wannan karon ya fi daɗewa, amma ya dawo. A nan ta fara lura. Akwai wani ɗan gefe na bangon inda rana ke leƙowa ta tsakanin ganye da safe, faɗinsa bai wuce faifai ba. Wurin bai taɓa yin baƙi ba. Ta kuma ga ruwan wanka ba ya fita ta rariya, sai ya taru a kusurwa ya kwana.

Ta sami ubanta yana cin tuwo a zaure, ta durƙusa. "Baba, ina so a sare reshen ceɗiyar da ke bisa makewayi. Kuma a sam mini katsi."

"Katsi? Ki yi mi da shi?"

"Laso zan yi wa bangon."

Dawuda ya yi dariya har ya ajiye loma. "Laso a makewayi? Halan gidan sarki ne?" Sai ya jiyo nishin Mairama daga cikin gida, dariyar ta tsaya. Washegari ya hau ceɗiyar da gatari, da yamma kuma ya kawo katsi cikin kwando.

Ma'u ta shafe bangon da laso har tsayin ƙirji. Ta tone ƙasan, ta zuba tsakuwa da jar ƙasa, ta karkata shi ya gangara wajen rariya, ta daɓe shi da maɗabi tana yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi ƙarfi ya yi duhu. Damina ta ƙare wurin na nan fes.

Tana cikin daɓen ne Mairama ta sa aka fito da ita kan tabarma, tana kallo.

"Wannan wahalar duk don ni?" ta ce.

Ma'u ba ta ɗago ba. "Yaya, na ga koren nan tun kafin suna. Ni ke shara. Ban yi komai ba."

"Ni ma na gan shi. Inna ma ta gan shi. Wa ke gidan nan da bai gan shi ba? Ki bar wannan zancen, ki ci gaba da aikinki. Can kusurwar ba ta daku ba."

Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Bayan shekara biyu aka yi wa Ma'u aure da Manu, wani manomi a Mawashi, mutum mai sanyin magana. Ba ta cika wata a gidan ba ta tashi makewayin ta sake shi. Surukarta ta tsaya riƙe da haɓa tana kallon amaryar da ta fara da bayan ɗaki kafin ta gama jeren ƙore. Amma da damina ta zo, makewayin gidan Manu ne kaɗai a unguwar ake shiga ba a dafa bango. Maƙwabciya mai ciki ta zo ta gani, ta roƙa a yi mata. Daga ita sai wata.

A hankali abin ya zama aikinta. In ciki ya kai wata bakwai, sai a aiko. Ma'u takan zo da tsingaro, da maɗabi, da tulun makuba. Ba ta fara taɓa komai sai ta tsaya ta dubi sama tukuna, ta ga ta ina rana ke shigowa. Sannan ta zuba ruwa ƙwarya ɗaya a ƙasa ta bi shi da ido ta ga inda zai tsaya. In ta kankare bango takan wanke da ruwan toka da kanwa, ta ƙona kara a ciki don ya bushe har ciki, ta bar shi kwana uku ba mai shiga. A bayan katanga, inda rariya ke zubarwa, takan sa a haƙa rami a cika da fasassun tukwane da tsakuwa, don ruwa ya nutse maimakon ya kwanta a gindin bango. In za ta tafi sai ta tara matan gidan. Duk wadda ta yi wanka ta kore ruwan da tsintsiya kafin ta fito. Kada a bar soso cikin ƙwarya, a rataye shi a rana. Jiƙaƙƙen zane ba a ɗora shi a kan bangon.

Ba kowa ya ga abin da mutunci ba. A majalisar ƙofar masallaci wani ya ce wa Manu, cikin wasan da ba wasa ba, "Ina kwanan mai makewayi?" Aka yi dariya. Ya dawo gida ya zauna ya ɗauki igiya yana tufka.

"Ma'u, an fara yi mani suna da aikin nan naki," ya ce daga bisani.

"In ka ce in bari, Malam, na bari."

"Ban ce ba tukuna. Mi kike samu a ciki?"

Ta ba shi labarin yayarta tun daga farko, abin da ba ta taɓa faɗa masa ba sai a taƙaice. Ya saurara yana murza igiyar da yake tufkawa. Bai ce ta bari ba, bai ce ta ci gaba ba. Amma da aka aiko daga gidan ƙanensa, sai ta gan shi ya saɓa magirbi ya biyo ta. Shi ya haƙa ramin bayan katanga. Daga ranar shi ke haƙawa, kuma in an kira shi da sunan a majalisa yakan amsa.

Sun haifi 'ya'ya biyar, uku suka rayu. Ma'u na noman gyaɗarta da kuɓewa a gayauna kamar kowace mace, aikin makewayi kuma ya fi yawa gab da damina. Haka aka yi shekara ashirin.

A shekarun da ake kwasar samari soja zuwa yaƙin ƙasar Bama, aka kawo sabon duba-gari ƙasar Kankia, ana ce masa Malam Sada. Saurayi ne da ya yi karatun tsafta a Kano, yana yawo a keke da gajeren wando. Yakan shiga gida gida ya buɗe randa, ya duba juji, ya leƙa makewayi. Yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne, Ma'u ma ta yarda da haka: a rufe ruwan sha, a binne shara, kada a bar kwatami. Amma umarninsa a kan makewayi ɗaya ne, a shafe shi da farar ƙasa.

Da ya zo Mawashi ya shiga gidan Manu, ya tarar da bango ja mai duhu, a bushe, ba wari. Ya shafa da hannu, ya duba tafinsa.

"Da kyau. Amma a shafa farar ƙasa kafin in dawo."

Ma'u na tsaye a gefe, ta ja mayafi. "Malam, nan za a shafa, ba komai, don busasshe ne. Amma gidajen da ka baro, bangon da fumfuna. In an shafa fari bisa fumfuna ɓoye ta aka yi, ba a kashe ta ba."

"Inna, farar ƙasa na kashe ƙwayar cuta. Karanta shi muka yi."

"To, Malam."

Ta shafa farin kamar yadda ya ce. A gidajen unguwa kuwa, kafin a cire gero baƙin ya huda farin ya fito tabo tabo.

Damina biyu bayan haka, wata ranar Laraba da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida. Malam Sada ne, ƙafafunsa duk laka. Ya gaisa da Manu a zaure, ya daɗe yana zagaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa Jamilatu ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce. Don ita ya gina ɗakin wanka irin na zamani a gidansa na Kankia, da siminti, da rufin kwano, da ƙyaure. Yanzu bangon da rufin sun yi baƙi ƙirin. Sau uku yana shafa farar ƙasa. Jamilatu kuwa duk ta fito wanka sai tari ya sarƙe ta, ƙirjinta ya riƙa kuka.

Manu ya shiga ya faɗa wa Ma'u. Ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba, sai ta tambaya ko akwai toka a gidan ko ta taho da tata. Washegari da sassafe suka kama hanya, tana kan jaki Manu na ja, sai bayan azahar suka shiga Kankia.

Ta gai da mai jego, ta ɗauki jaririn ta sa masa albarka, sannan ta shiga ɗakin wankan ta ja ƙyaure. Duhu ya rufe ta. Tururin wankan safe na nan bai fita ba, yana ɗiga daga kwano a kafaɗarta. Ta tsaya kaɗan ta fito.

"Malam, ɗakin ga bai numfashi," ta ce. "Ina tagarsa?"

"Ban yi taga ba, Inna. Saboda sutura."

"A yi ta sama, inda ido bai kai. Ɗaya gabas, ɗaya yamma. Kuma a ɗaga kwano guda, rana ta shiga kwana uku."

Ta zuba ƙwaryar ruwa a simintin. Ruwan ya bazu ya tsaya cik, bai nufi ko'ina ba. Malam Sada ya tsaya yana kallonsa, ba sai an yi masa bayani ba.

Aka kewaye wa Jamilatu zana a tsakar gida ta riƙa wanka a can. Magini ya zo ya huda bango, ya ƙara siminti ya ba ƙasan gangare. Ma'u ta shiga kankara. Farin da baƙin suna zubowa tare, ƙura ta cika ɗakin, tana yi tana tari. Malam Sada ya leƙo.

"Inna, haka kike yi kullum, hanci a buɗe?"

"Yo da yaya zan yi?"

Ya shiga ɗaki ya yago ƙyalle mai tsabta, ya jiƙa, ya ce ta ɗaure hanci da baki. Ya ce ƙurar nan ita ce ke shiga ƙirjin Jamilatu, kuma ita ke shiga nata. Ganin ba ta gamsu ba, ya ɗauko wani ɗan gilashi mai mariƙi da yake duba tsutsar sauro da shi. Ya ɓanɓaro guntun farar ƙasa mai fumfuna, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya nuna mata yadda za ta riƙe.

Da farko ba ta ga komai ba sai dishi-dishi. Ta matsar da hannu, abin ya fito. Wasu siraran zaruruwa ne a tsaitsaye, cunkus, wasu da ɗan kai a sama kamar gero ya fara fitar da kai.

"Rai gare ta," in ji Malam Sada. "Waɗannan kawunan iri ne. Iska ke ɗaukarsa, duk inda ya sami laima sai ya tsiro."

Ma'u ta daɗe tana kallo. Ta sauke gilashin ta dubi bangon, ta sake ɗagawa.

"Ashe shuka ce," ta ce a hankali. "Shekara ashirin da wani abu ina cirar ciyawa ban sani ba."

Daga baya ta faɗa wa matar ɗanta, Hadijatu, cewa duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa kafa tsingaro a bango ba sai gabanta ya ɗan faɗi, saboda maganar uwarta ta masu wuri. Tana yi ne kawai da tsoron a cikinta. Ran da ta duba gilashin nan ne ya sake ta. Addu'ar shiga kam ba ta taɓa bari ba, ta ce wannan daban, wannan koyarwar addini ce.

Ta kwana huɗu a Kankia. Ta wanke ɗakin da ruwan toka da kanwa, ta sa kaskon garwashi a ciki har bangon ya bushe ƙayau. Sai a lokacin ta ce wa Malam Sada ya kawo farar ƙasarsa, yanzu za ta yi amfani. Tarin Jamilatu ya lafa kafin arba'in.

Daga shekarar maganar duba-gari a ƙauyuka ta sauya. Yakan ce a kankare tukuna, a buɗe wa rana hanya, a gyara gangare, sannan a shafa fari. Wani lokaci yakan ce wata tsohuwa ce a Mawashi ta nuna masa, wani lokaci bai faɗa ba. Ita ma Ma'u ta ƙara abu ɗaya a cikin abin da take gaya wa mata, kada wadda ta kankare bango ba ta ɗaure hanci ba. Amma ita ƙyallen ya zo mata a makare. Tarin ya zauna mata, kowace damina yana ƙaruwa.

Manu ya rasu shekara shida bayan tafiyarsu Kankia. Ta yi takaba ta fito, ƙarfin daɓe ya ƙare mata. Hadijatu da wasu mata biyu na unguwar suka karɓi maɗabi, ita kuma takan bi su ta zauna a inuwa tana nuni da kara.

Aikinta na ƙarshe a garin Boko ne, kuma ba makewayi ba ne. Wurin alwalar masallacin garin ya yi gansakuka, har wani dattijo ya zame ya gurɗe hannu. Limamin, Malam Uthman, ya aika a ɗauko ta. Aka kife mata turmi a waje daura da masallacin ta zauna. Wani babban durumi ne ya lulluɓe wurin, rassansa har kan katanga.

"Allah gafarta Malam, sai an sare rassan nan biyu," ta ce.

Liman ya girgiza kai. "Iya, kakana ya dasa itacen nan. A ƙarƙashinsa ya karantar da ubana, ubana ya karantar da ni. Ki faɗi wani abu, ban da wannan."

Da a shekarun ƙuruciyarta ne da ta dage. Sai ta ce a bar ta nan zaune. Ta zauna tun hantsi, aka yi azahar aka fito tana nan, aka kawo mata fura ta sha kaɗan. Kallon inuwar durumin take yi yadda take tafiya a ƙasa, lokaci lokaci ta sa Hadijatu ta ajiye dutse a bakin inuwar. Bayan la'asar ta sa aka kira liman, ta nuna masa wani fili gabas da duwatsun, taku bakwai daga tsohon wurin.

"Nan inuwa ba ta zuwa sai rana ta yi sanyi. A bar itacen, a tashi wurin alwalar a kawo shi nan."

"Taku bakwai ba nisa," in ji liman.

"Da damina za ku jiƙe kafin ku shiga."

"Mun jiƙe."

Mazan garin suka yi aikin cikin kwana biyu, tana daga kan turmi tana faɗa musu inda za a ƙara tsakuwa da inda gangaren ya yi kaɗan. Sau ɗaya ta sa aka tone gefe guda aka sake, don ruwan gwaji ya tsaya. Ran na uku aka mayar da ita Mawashi a kan jaki, ana tsayawa a hanya in tari ya taso mata.

Ba ta sake fita aiki ba. Ta rasu bayan an gama yankan dawa a shekarar, saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki, aka binne ta a Mawashi.